Shagunan nazarin alƙaluma na Samaru: bita ga mai digirin digirgir a ilimin halayyar ɗalibai

Wanda ya bi titin Sakkwato a Samaru, daga babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello ya nufi wajen kasuwa, ba zai rasa ganin shagunan nan ba. Allunan ƙofarsu kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su: bugun takardu, fotokwafi, ɗaurin kundi, nazarin alƙaluma da SPSS (manhajar kwamfuta ta lissafin alƙaluman bincike). Akwai irinsu a cikin harabar jami'ar, akwai wasu a Kongo, ɗaya harabar jami'ar da ke Zariya. Da ka tsaya da jakar takardu a hannu, yaran shago za su fara kiranka, "Dakta, bismilla, shigo daga ciki," ko da kuwa tsarin bincikenka ma ba ka kare ba tukuna.

Wannan bita ta taƙaita ne ga abin da shagunan ke yi wa rukuni ɗaya na masu zuwa wurinsu, wato masu neman digirin digirgir a fannin ilimin halayyar ɗalibai da ba da shawara, a Tsangayar Ilimi. Dalilin ware su shi ne abin da suke aunawa ba ya ganuwa da ido. Fargabar jarrabawa, ƙimar da yaro ke ba kansa, himmar karatu, yarda da iyawar kai, duk ta takardar tambayoyi ake kama su, a mayar da su lambobi. In lambobin suka karkace tun a shago, babi na huɗu da na biyar, inda sakamako da kammalawa suke, sun hau kan iska, mai kundin kuwa ba zai sani ba sai ranar da ya tsaya gaban mai jarrabawa na waje.

Hukuncin a taƙaice: wajen bugu da tsara shafuka da ɗauri, shagunan sun iya aikinsu, sun ma fi yawancin ɗalibai iyawa nesa ba kusa ba. Wajen shigar da bayanai cikin kwamfuta, sai da sa ido. Wajen nazari kuwa, kusan kowane shago na da wanda ya iya danna maɓallan SPSS, amma kaɗan ne suka san dalilin danna wannan a bar wancan. Sauran bayanin duk a kan wannan rabe-raben yake.

A fara da inda suka fi ƙarfi. Kundin digiri na uku yana da shafukan gabatarwa masu lambar Rumawa, sannan lambar yau da kullum ta fara daga babi na ɗaya. Ɗalibi kan kwana yana kokawa da Word a kan wannan, yaron shago kuwa minti biyar ya ishe shi: ya raba sashen, ya cire alaƙar lambar sashen baya da na gaba, shi ke nan. Haka jerin abubuwan da ke ciki. Shago mai kyau zai sa wa kowane take salonsa a Word, jerin ya riƙa sabunta kansa duk lokacin da aka yi gyara. Shago marar kyau zai buga jerin da hannu, yana jera ɗigo-ɗigo har zuwa lambar shafi, wanda ke nufin gyara ɗaya daga mai duba aikinka ya rushe shi gaba ɗaya. Gwajin da zai raba maka su mai sauƙi ne: ka ce a ƙara sakin layi a babi na biyu a gabanka, a sabunta jerin. In aka fara lalube, ka ɗauki filashinka. Ka kuma je da littafin ƙa'idojin rubuta kundi na Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko a hannunka, domin shaguna da yawa da tsarin da suka haddace shekarun baya suke aiki, kuma faɗin gefen hagu da ake bari saboda ɗauri ba abin da za a yi da ƙiyasi ba ne.

Akwai matsala guda a ɓangaren bugu da ta fi shafar wannan fanni. Mai bincike a makarantun firamare da ƙananan sakandare na ƙaramar hukumar Zariya ko Sabon Gari ko Giwa yakan fassara ma'auninsa zuwa Hausa, domin yaran su fahimta. Masu bugu da dama ba sa saka haruffa masu lanƙwasa, ko kuma su saka su da wani tsohon nau'in rubutu da ke kan kwamfutarsu kaɗai, da an buɗe fayil ɗin a wata na'ura sai haruffan su koma akwatuna. A jimla irin "nakan ji tsoro idan baƙi suka shigo aji", "baƙi" ta zama "baki", "ƙasa" ta zama "kasa". Yaro ɗan aji biyar zai tsaya yana tunanin abin da ake nufi, ya zaɓi amsa a kan zato. A buga da haruffan Unicode, a mayar da takardar PDF, kai da kanka ka karanta kwafi ɗaya kafin a bugo ɗari uku. Fassarar kanta ba aikin shago ba ce. Hanyar da aka sani ita ce wani ya fassara zuwa Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta biyun a gyara inda ma'ana ta kauce.

Shigar da bayanai shi ne aikin da ɗalibai suka fi miƙawa, kuma akwai hujja. Takarda 350 mai tambaya 40 lamba 14,000 ke nan da za a danna ɗaya bayan ɗaya. Yaran shago suna da sauri, sai dai sauri da gajiya kan haifi 33 a gurbin 3, ko a tsallake layi duk amsoshin ɗalibi ɗaya su gusa gefe da gida guda. Kafin ka miƙa takardun ka sa wa kowace lamba da biro a kusurwa, ka ce lambar nan ita ce ginshiƙin farko a Excel. Ka rubuta takardar bayanin lambobi: namiji 1, mace 2, rukunin gwaji 1, rukunin kwatance 2, da sauransu. Bayan an gama, ka zaɓi takarda ɗaya cikin kowace goma ka kwatanta da abin da ke kan allo. Sannan a fitar da ƙididdigar yawan kowace amsa a kowace tambaya. A ma'auni mai mataki huɗu, duk lambar da ta wuce 4 kuskure ce, kuma nan take za ta bayyana.

Tambayar da yaro ya bari babu amsa ita ma tarko ce. Wasu shaguna kan cike gurbin da 99, abin da ba laifi ba ne in an gaya wa SPSS cewa 99 na nufin babu amsa. Sau da yawa ba a gaya masa. Ɗauki misali: ɗalibai 200, huɗu ba su amsa wata tambaya ba, matsakaicin sauran 196 shi ne 2.6. In aka haɗa da 99 guda huɗu, matsakaicin zai tashi zuwa wajen 4.5, a ma'aunin da ƙololuwarsa 4 ce. Wannan ma mai sauƙin kamawa ne. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne a cike gurbin da sifiri, matsakaici ya ɗan sauka ba tare da kowa ya lura ba.

Abin da ya fi kayar da kundin wannan fanni a shago shi ne tambayoyin da aka juya. Ma'aunin ƙimar kai na Rosenberg, na 1965, tambayoyi goma ne, biyar daga ciki an rubuta su ne ta fuskar ƙasƙanci, ta yadda wanda ya ce ya amince ƙwarai yana nuna ƙarancin ƙimar kai ne. Dole a juya makin waɗannan biyar kafin a tara jimilla. A ma'auni mai mataki huɗu, a cire makin daga 5, a mai mataki biyar, a cire daga 6. Mai shago bai san ma'aunin ba, bai karanta tambayoyin ba, lambobi kawai ya gani, don haka zai tara su yadda suka zo. Sakamakon shi ne yaro mai ƙimar kai sosai da wanda ba shi da ita su fito da jimilla kusan ɗaya. Alamar da za ta tona wannan ita ce lambar alfa ta Cronbach, wadda ake fitarwa don duba ma'auni, ta faɗi ƙasa warwas, wani lokaci har ta koma ƙasa da sifiri. A nan ne shago marar gaskiya kan yi ɓarna ta biyu, ya fara goge tambayoyi ɗaya bayan ɗaya har alfa ta haura 0.70, ya miƙo maka ma'aunin da ya rage tambaya biyar yana murmushi. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Kai ne za ka rubuta lambobin tambayoyin da za a juya, ka tsaya a juya su a sabon ginshiƙi, a bar na asali yadda yake.

Tunda an zo kan alfa, shagunan sun mayar da ita amsar kowace tambaya game da ingancin ma'auni. Ita kuwa abu ɗaya take nunawa, wato yadda tambayoyin ke tafiya tare. Ba ta nuna cewa abin da ake aunawa shi ne abin da aka ce ana aunawa. Ma'auni mai ɓangarori uku, kowane ɓangare alfarsa daban ya kamata a fitar. Jarrabawar da amsarta daidai ko kuskure ce, KR-20, takwarar alfa ga irin wannan jarrabawa, aka saba kawowa a kanta. In ka maimaita awo bayan mako biyu don ganin ko makin ya tsaya, dangantakar Pearson ake nema, wato lambar da ke nuna yadda awon biyu ke hawa da sauka tare. Alfa da ta kai 0.97 kuwa ba abin murna ba ce, yawanci tana nufin tambaya ɗaya aka maimaita da kalmomi daban-daban. Wanda ya ƙirƙiri ma'auninsa da kansa, a matakin digiri na uku za a iya tambayarsa nazarin rabe-raben tambayoyi, wato duba yadda tambayoyin ke haɗuwa rukuni-rukuni, kuma ɗalibai talatin na gwajin share fage ba su isa wannan aiki ba, ko da shago ya fitar maka da tebur mai kyan gani.

Yawan samfur, wato mutanen da za a zaɓa a yi binciken a kansu, shi ma haka. Teburin Krejcie da Morgan na 1970 yana manne a kan kowace kwamfuta a layin: jama'a 1,000 a ɗauki 278, jama'a 10,000 a ɗauki 370, ko miliyan ce ba ya wuce 384. Teburin yana da amfani ga binciken jin ra'ayi inda aka zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a. Ba a yi shi don gwaji ba. Mai son gwada ko wani horo na mako shida yana rage fargabar jarrabawa, abin da yake buƙata shi ne lissafin ƙarfin gwaji, wato yawan mutanen da za su isa a gano bambanci in akwai shi, kuma manhajar G*Power kyauta ce. Ga bambanci matsakaici tsakanin rukuni biyu, a matakin yiwuwar kuskure 0.05 da ƙarfin ganowa 0.80, lissafin na ba da mutum 64 a kowane rukuni. Ga bambanci babba, 26. Wanda ya yi gwaji da yara goma sha biyu a kowane ɓangare, ya ƙare bai samu bambanci ba, bai tabbatar da cewa horon ba ya aiki ba, samfurinsa ne bai isa ya gani ba. Da wuya ka samu shagon da zai faɗa maka wannan, kuma ko ya faɗa, ihu ne bayan hari, domin tun a babi na uku, na tsarin bincike, ake yanke wannan shawara.

Zaɓen gwajin da ya dace shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne darajar shagunan ta fi faɗuwa. Mafi yawansu gwaji huɗu suka riƙe: gwajin t na kwatanta matsakaici biyu, ANOVA na kwatanta rukuni uku ko fiye, Pearson na dangantaka, da kai-sukwaya na kwatanta ƙidayar mutane a rukunai. Duk hasashen da ka kawo, cikin huɗun nan za a cusa shi. Binciken wannan fanni kuwa yawancinsa da ajujuwa ake yi kamar yadda aka same su, domin babu shugaban makarantar da zai bari ka wargaza masa aji biyu ka sake raba yara da ƙuri'a. Ajujuwan tun farko ba daidai suke ba. A ce matsakaicin fargabar ajin gwaji 52 ne kafin horo, na ajin kwatance 46. Bayan horo na farko ya koma 44, na biyu 45. Gwajin t a kan awon ƙarshe kaɗai zai ce babu bambanci, alhali aji ɗaya ya sauka da maki takwas, ɗayan da maki ɗaya. Gwajin da ake kira ANCOVA ne ke la'akari da awon farko ya daidaita makin ƙarshe. Shi ma yana da sharaɗi: dangantakar awon farko da na ƙarshe ta kasance iri ɗaya a rukunan, abin da ake dubawa ta gwada haɗuwar rukuni da awon farko kafin a ci gaba. Ka tambayi mai nazarin shago wannan sharaɗi tun kafin ciniki. Amsarsa za ta gaya maka ko wa kake magana da shi.

Wata ɗabi'ar kuma ita ce jera gwajin t inda rukuni uku ne, a kwatanta na ɗaya da na biyu, na ɗaya da na uku, na biyu da na uku. Kowane gwaji na ɗauke da yiwuwar kuskure kashi 5 cikin ɗari, ukun tare sun kai wajen kashi 14. ANOVA ɗaya, sannan gwajin bayan fage irin na Tukey ko Scheffé, mai nuna waɗanne rukunai ne suka bambanta, shi ne daidai. A kai-sukwaya, in gidajen teburin da ake sa ran samun ƙasa da mutum biyar sun wuce kashi 20 cikin ɗari, sakamakon ba abin dogaro ba ne. SPSS na rubuta wannan gargaɗi a ƙasan teburin da ƙananan haruffa, shago kuma na yanke shi wajen kwafa zuwa Word. Abin da ya wuce nan, kamar gwada ko himma ce ke shiga tsakanin tarbiyyar gida da sakamakon jarrabawa, da manhajar PROCESS ko AMOS, masu iya shi a layin ba su da yawa. Nazarin hira da tattaunawar rukuni kuwa kada ma ka kai, iyakar abin da za a yi maka shi ne a buga abin da aka naɗa.

Bayan tebur sai fassara, kuma shaguna kan haɗa da 'yan layukan bayani a ƙarƙashin kowane tebur a matsayin gyara, irin na mai sayen tumatir. Wannan gyaran ka karɓa ka ajiye gefe. A ciki ne za ka ga an rubuta cewa p, lambar da ake dubawa a yanke hukunci kan hasashe, daidai take da 0.000, alhali abin da SPSS ke nufi shi ne ta gaza 0.001, haka kuma ake rubutawa. A ciki za ka ga "an amince da hasashen babu bambanci", inda maganar da ta dace ita ce ba a samu hujjar ƙin sa ba. A ciki za ka ga an karanta layin sama na teburin gwajin t, ko da gwajin Levene ya nuna warwatsuwar makin rukunan ba ɗaya ba ce, wanda ke nufin layin ƙasa za a karanta. Mafi muni, za ka ga an samu dangantakar Pearson an rubuta "tasiri". Cewa yaran da suka fi fargaba sun fi faɗuwa jarrabawa bai nuna fargabar ce ta kayar da su ba, ta yiwu faɗuwar baya ce ta haifar da fargabar. Girman bambanci kuwa, sai ka roƙa ake fitar da shi. Ma'aunin Cohen da aka saba, 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba, shi ke gaya wa malamin aji ko horon ya cancanci wahalarsa. Da samfur mai yawa, dangantakar 0.12 ma za ta fito "mai ma'ana" a lissafi, alhali a aji ba ta taka kara ta karya ba.

Akwai duba mai sauƙi da mai jarrabawa kan yi cikin daƙiƙa goma, kai ma ka yi shi tun a shago. A gwajin t na rukuni biyu masu zaman kansu, lambar da ke ginshiƙin df na teburin ita ce jimillar mutanen a cire biyu. Yara 40 da 38, df 76. In teburinka ya nuna wani abu daban a layin sama, ko an zubar da wasu yara ba ka sani ba, ko kuma teburin na wani kundin ne aka canza masa take.

Wannan ya kawo mu ga hidimar da ba a rubutawa a allo, amma ana tayi da ita a hankali: "Dakta, in bai fito ba za mu iya taɓa shi." Ma'ana a canza lambobi har hasashe ya ba da abin da ake so, ko ma a cike takardun tambayoyin gaba ɗaya a cikin shago. Ba duk shaguna ke yi ba, wasu ma korar mai neman hakan suke yi. Ƙirƙirar bayanai laifi ne da kan iya cin digirin ko bayan an ba da shi, kuma yana da saurin ganewa: babu tambaya ɗaya da aka bari ba amsa cikin takarda ɗari huɗu, warwatsuwar maki iri ɗaya a kowane rukuni, biro ɗaya, hannu ɗaya. Sakamakon da ya ce babu bambanci sakamako ne, ana kare shi a ci, in an bi hanya.

Takardun da kake kaiwa shago kuma sirrin yaran mutane ne. Amsar yarinya 'yar shekara goma sha huɗu kan damuwa ko halin gidansu bai kamata ta kwana a kan tebur da sunanta a sama ba. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, ko ba doka ma alƙawari ka ɗauka wa iyaye da shugaban makaranta. A yanke sunaye ko a rufe su kafin takardu su bar hannunka, a ƙirga su wajen miƙawa da wajen karɓa, a kuma goge fayil daga kwamfutar shago kana kallo. Babi na biyu, na bitar ayyukan magabata, da aka bari a kwamfutar shago kan sake bayyana a kundin wani bayan shekara guda.

Duba satar rubutu da Turnitin hidima ce mai amfani, amma da haɗari guda da ya kamata kowa ya sani. In asusun da shago ke amfani da shi an saita shi ya adana abin da aka ɗora, kundinka zai shiga rumbun manhajar. Ranar da za a yi dubawar hukuma, sai a ga aikinka ya yi kama da wani aiki kusan ɗari bisa ɗari, wancan aikin kuwa naka ne da ka ɗora a shago. Warware wannan doguwar wahala ce. Ka tambaya a nuna maka saitin rashin adanawa kafin a ɗora. Hidimar "rage kashi" kuwa, inda ake zuba rubutu cikin manhajar da ke musanya kalmomi, tana lalata kalmomin fanni, sunan ka'idar da kowa ya sani ya koma wani abin dariya. Haka manazartar da ake samo maka da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, cikinsu akan samu muƙalun da ba a taɓa rubutawa ba, da sunayen marubuta na gaske a kansu. Kowace ka nemi lambar DOI ɗinta, wato lambar shaidar muƙala a intanet, ka buɗe. Tsarin rubuta manazarta na APA bugu na bakwai ya fito a 2019, ya daina sa garin da aka buga littafi, ya kuma taƙaita marubuta uku ko fiye tun daga ambaton farko a cikin rubutu. Masu bugu da yawa har yanzu na shida ke hannunsu. Manhajar tsara manazarta ta Zotero kyauta ce, kuma ta fi su riƙe wannan ƙa'ida.

Farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana bin kuɗin takarda da na man janareta, kuma yana tashi a lokacin da ake rububin miƙa kundi. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne yadda aka ƙulla cinikin. Bugu da shafi ake lissafawa, shigar da bayanai da yawan takardu, nazari kuma wasu da yawan hasashe, wasu a dunƙule. A yi magana tun farko ko kuɗin ya haɗa da sake nazari bayan gyaran kwamitin masu duba aiki, domin sake nazari kusan tabbas ne, bayan semina da kuma bayan kare aiki na cikin gida. Kada a biya duka a gaba. Araha ba ta ado, amma tsada ma a wannan layi ba shaidar iyawa ba ce. Mafi kyawun ciniki shi ne ka biya kuɗin zama, mai nazarin ya yi aikin kana gefensa, yana yi kana tambaya. Awa uku irin wannan sun fi tebur ashirin da aka turo ta WhatsApp. Kuma kada ka fita sai da fayil uku: na bayanai mai ƙarewa da sav, na sakamako da aka mayar PDF, da na umarnin da aka bi. Manhajojin jamovi da JASP kyauta ne, suna buɗe fayil ɗin SPSS, don haka za ka iya maimaita kowane gwaji a gida ka ga ko lambobin sun zo ɗaya.

Bugun ƙarshe da ɗauri su ne inda shagunan Samaru suka cancanci yabo ba tare da dogon sharaɗi ba, in dai ba ka zo musu da gaggawa ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai kundin a PDF, domin Word na wata kwamfutar kan gusar da tebur ya raba shi gida biyu. Ka nemi takarda mai nauyin giram 80, ta 70 kan nuna rubutun bayanta. Kundi mai shafi 220 kwafi shida takarda 1,320 ke nan, kusan rim uku, kuma sayen rim ɗinka da kanka ka biya kuɗin bugu kaɗai yakan fi sauƙi. Na'urar leza ta fi ta tawadar ruwa, wadda ɗigon ruwa ɗaya ke ɓatawa. Da hunturu takardu kan manne da juna, na'ura ta ja biyu a lokaci guda, shafi ya ɓace a tsakiyar kwafi. Da damina kuma takarda kan sha danshi ta lanƙwashe ta maƙale. Saboda haka a ƙirga shafukan kowane kwafi kafin ya tafi wurin mai ɗauri. Shafin sa hannu a sa masa hannu na asali a kowane kwafi. Launin bango da tsarin rubutun gadon baya ka ɗauko su daga ƙa'idar makaranta, ka rubuta sunanka da taken kundin da manyan baƙaƙe a takarda, ka sa mai ɗauri ya fara buga bango ɗaya ka gani, domin rubutun ruwan zinare in ya hau da kuskure sai dai a sake bangon. Ka ba gam kwana biyu ya bushe a ƙarƙashin matsi, sannan ka buɗe kowane kwafi a tsakiya ka ɗan ja shafi ɗaya kafin ka biya cikon kuɗin.